Kafin Mu Biya Kuɗin Digirin Kwatano

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan aji shida, wannan magana tamu ce. Da yawanmu idan JAMB ta ƙi, abin da ake fara cewa a gida shi ne a gwada Kwatano.

A ƙarshen Disamban 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga binciken wakilinta Umar Audu. Ya biya wani dillali kuɗi, cikin mako shida aka miƙo masa digirin aikin jarida daga wata jami'a a Kwatano, bai zauna aji ba, bai rubuta jarrabawa ba. Da wannan takarda aka ɗauke shi hidimar ƙasa, alhali ya taɓa yi. Ranar 2 ga Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Daga baya ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sama da 'yan Najeriya 22,000 ne ke riƙe da takardun bogi daga ƙasashen biyu.

Matakin ya dace, amma a ganinmu ihu ne bayan hari. Mutum 22,000 ba a dare ɗaya suka samu takardun nan ba. Ina masu sa ido suke duk shekarun nan? Gwamnatin Benin, wadda makarantun ke cin kasuwa a ƙasarta, ita ce ta farko da ya kamata ta leƙa ta ga ko akwai aji da malami. Tamu kuma ba ta farka ba sai da ɗan jarida ya tashe ta.

Wanda ya fi ba mu tausayi shi ne ɗalibin gaskiya. Mahaifinsa ya sayar da gona, shi kuma ya yi shekara huɗu yana karatu a ƙasar da ko yarenta bai iya ba, ya dawo ana kallon takardarsa daidai da ta wanda ya saya. Dillalin kuwa tuni ya ci kuɗinsa.

Muna son ma'aikatar ta riƙa fitar da sunayen jami'o'in waje da ta amince da su kowace shekara, ta aiko wa makarantun sakandare kafin a fara WAEC. Kafin nan, muna roƙon malaminmu mai ba da shawara ya nemo mana jerin da ake da shi yanzu. Mun bar masa fili a gefen wannan allo.