Rumfar Aro Ce

Makon jiya a Ndogpassi wani ɗan'uwa mai sayar da atamfa ya same ni rai a ɓace. An goge maganarsa, an rufe shafin da yake tallata kaya, ba bayani, ba inda zai kai ƙara. Masu sayen kayansa, daga New Bell har Garwa, duk ta can suke samunsa.

Na ce, Alhaji, ka manta da Buhari? A Yunin 2021 Twitter ta goge saƙonsa yana kan mulki. Gwamnatin Najeriya ta dakatar da kamfanin, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Wata bakwai! Wa ya ji a jikinsa? Masu ƙananan sana'o'i.

To in shugaban ƙasa bai tsira ba, ina ga ni da kai? Sau da yawa ma na'ura ce ke tace kalamai, ita kuwa ba ta san wasa ko karin maganar Hausa ba.

Shafin nan rumfar aro ce. Ka kwafe lambobin abokan cinikinka a littafi yau, kafin mai rumfa ya ce tashi.

Allah ya ba da kasuwa.