Ƙwayar Cutar Kwamfuta Da Ke Kashe Injina: Ta Ofis Take Shigowa

Daga Wakilinmu a Zariya

A cikin shekarar 2010 ne aka gano wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Stuxnet, wadda ta shiga masana'antar tace yuraniyom ta Natanz a ƙasar Iran. Ba satar asiri ta je yi ba. Na'urorin kamfanin Siemens masu ba injina umurni ta kama, tana sauya gudun injinan har suka riƙa lalacewa, alhali allon ma'aikata yana nuna musu kome lafiya lau. Masu bincike sun ƙiyasta injina wajen 1,000 ne suka salwanta.

Ɗaliban harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake koyar da aikin mulki da na lauya, suna iya cewa wannan damuwar injiniyoyi ce. To, sai su dubi abin da ya faru a Yukren ran 23 ga Disamba, 2015. Maɓarnata sun yanke wa masu amfani da lantarki wajen 225,000 wuta a tsakiyar hunturu. Tun watanni kafin ranar suka sami shiga, ta hanyar wasiƙun imel na yaudara da ma'aikatan ofis suka buɗe. Watau hannun akawu ne ya zare musu sakata. Stuxnet ma ana kyautata zaton a ɗan filashi aka shigar da ita, domin kwamfutocin Natanz ba a haɗe suke da intanet ba.

Abin da ya ceci Yukren shi ne ma'aikata sun fita tashoshi sun mayar da wuta da hannu cikin 'yan sa'o'i.

Nijeriya tana da Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda ta ba Shugaban Ƙasa ikon ware muhimman kayayyakin sadarwa domin a ba su kariya ta musamman, an kuwa yi umurnin hakan a 2024. Amma doka ba ta zama a ɗakin kula da injina na Kainji ko Shiroro. Wanda zai rubuta kwangilar sayen na'ura, ya ƙayyade ko ɗan kwangila zai iya taɓa ta daga ƙasar waje, ya kuma hana a cire makunnin hannu don tsimin kuɗi, jami'in mulki ne da lauyan ma'aikata. Da yawa daga cikinsu a Kongo ake yaye su.

Mu da muka saba da ɗaukewar wuta muna da wata matsala ta daban: in an kai mana irin wannan hari, mai yiwuwa ne a ɗauka lalacewar da aka saba ce, kada kowa ya bincika.