Yaƙin Skyrim: Takobi a Hannun Ulfric, Rumbu a Hannun Daula

Ranar 11 ga watan Nuwamba 2011 ne kamfanin Bethesda na ƙasar Amurka ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Skyrim. A shekarar 2023 shugaban aikin, Todd Howard, ya ce an sayar da fiye da kofi miliyan 60. Ɗan kasuwar da ya ji wannan lissafi ya san ba abin yara ba ne kawai. Tun ranar da wasan ya fito kuwa, akwai gardama guda da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu buga shi: a yaƙin basasar da ke cikin labarin, wa zai yi rinjaye, Daula ko ƴan tawaye?

Ga yadda zancen yake, domin wanda bai taɓa ganin wasan ba. Skyrim ƙasa ce ta almara, mai duwatsu da ƙanƙara, mazaunin wata kabila ta mayaƙa da ake kira Nord. An kasa ta jihohi tara, kowace da sarkinta, a bisansu kuma akwai babban sarki da ke biyayya ga wata tsohuwar Daula mai hedkwata a kudu. Shekara talatin kafin labarin ya soma, wato a shekarar 171 ta lissafin duniyar wasan, Daular ta gwabza da wata ƙasa ta masu sihiri wadda jam'iyyar Thalmor ke mulki. Babban birnin Daula ya faɗi a 174, aka ƙwato shi a 175, amma sojoji sun ƙare. Sarkin sarakuna Titus Mede na biyu ya sa hannu bisa takardar sulhu mai ɗaci. Cikin sharuɗɗanta har da hana bautar Talos, wanda shi ne ya kafa Daular tun farko, kuma mutanen Nord ke ɗaukarsa abin alfaharinsu. A shekarar 201 sarkin Windhelm, Ulfric Stormcloak, ya ƙalubalanci babban sarki Torygg, ya kashe shi, ya ce lokacin ballewa ya yi. Ƙasa ta rabe biyu.

A cikin wasan kansa babu wata gardama, domin ɓangaren da mai wasa ya shiga shi ke cin nasara. Jarumin da yake riƙe da shi yana iya share sansanin soja shi kaɗai kafin shayi ya huce. Saboda haka masu muhawara sukan ce a cire jarumin nan gefe, a bar rundunonin biyu da halinsu. Daga nan ne zancen ke daɗi.

Magoya bayan Ulfric suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Mutanensa a gida suke yaƙi, sun san kowane kwazazzabo, sanyi bai dame su ba. Suna faɗa ne domin addininsu da mutuncinsu, alhali sojan Daula yana kare wata takarda da shi kansa yake jin kunyarta. Da yawa daga cikinsu, har da Ulfric da na hannun damansa Galmar, tsofaffin sojojin Daula ne, sun san dabarunta ciki da bai. Babbar hujjarsu kuwa ita ce ƙasar Hammerfell. Mutanenta sun ƙi amincewa da sulhun 175, Daula ta yi watsi da su, suka ci gaba da yaƙi su kaɗai har shekara biyar, a 180 Thalmor suka janye. In makwabta sun iya, in ji su, me zai hana mutanen Nord?

Amma fa labarin ya soma ne da Ulfric a ɗaure cikin amalanke, an toshe masa baki da tsumma, ana kai shi garin Helgen a sare masa kai. Janar Tullius, wanda bai daɗe da zuwa ƙasar ba, ya yi masa kwanton ɓauna ya kama shi. Ba rundunarsa ce ta cece shi ba. Wani dodo mai fukafukai ne ya sauko ya ƙone garin, Ulfric ya sulale cikin hayaƙi. Wato da ba don wannan tsautsayi ba, da tawayen ya rasa kansa tun kafin mai wasa ya taka ƙafa. Wannan kaɗai ya isa ya sanyaya gwiwar mai cika baki.

Sai dai wanda ya saba da littafin shiga da fita ba zai tsaya ga kamun mutum guda ba. Zai buɗe taswira ya tambaya: wa ke riƙe da me? Ulfric yana da jihohi huɗu, duka a gabas da arewa. Winterhold kango ce, tun da galibin birnin ya rufta cikin teku a shekarar 122. Dawnstar tana da ƴar tashar jiragen ruwa da ramukan haƙar ƙarfe, amma ƙanƙara ta fi gona yawa. Windhelm birni ne mai ganuwa mai ƙarfi da tasha, sai dai Ulfric ya ware baƙin da ke cikinsa, ya bar ƴan gudun hijirar Dunmer a wata unguwa da ta lalace, ya hana ƴan dakon Argonian kwana cikin gari. Sarkin da ke neman hannuwa da kuɗi, ga shi yana wulakanta masu sauke masa kaya. Saura jihar Rift, wadda ita ce mai albarka, da kifi da gonaki da zuma. To amma a Riften, babban birninta, kowa ya san sarauniya Laila sunan mulki gare ta; mai juya gari ita ce attajira Maven Black-Briar, wadda cinikinta ke tafiya da Daula, kuma ita ake naɗawa ranar da sojan Daula ya shigo. Rumbun Ulfric mafi girma, mabuɗinsa yana aljihun wadda ba ta tare da shi.

A ɗaya gefen, Daula tana riƙe da Solitude, babbar tasha, inda kamfanin East Empire ke da katafaren sito. Tana da azurfar Markarth, da katakon Falkreath, da mashigar kudu. Morthal fadama ce, ba ta ƙara kome ba. Ita ma Daula tana da tata ɓaraka: iyalin Silver-Blood, masu ramin azurfar Markarth, zuciyarsu tana wajen Ulfric, ga kuma ƴan asalin yankin da ke tare hanya cikin duwatsu. Duk da haka, wanda ke karɓar kuɗin duwan a bakin teku, yake kuma buga kuɗin da ake biyan soja da shi, bai yi daidai da wanda ke jiran gudummawar masu kishi ba.

Jiha ta tara ita ce Whiterun, kuma a nan ne alƙalami ke karkata. Tana tsakiyar ƙasa, fili ne shimfiɗaɗɗe mai gonakin alkama, manyan hanyoyi duk ta nan suke ratsawa. Sarkinta Balgruuf ya daɗe yana cewa shi ba ya bayan kowa sai Whiterun, irin maganar mai shago da ba ya son rasa ko wane abokin ciniki. Garin kansa a rabe yake, gidan Battle-Born na Daula, gidan Gray-Mane na tawaye, tsofaffin aminai sun daina gaisawa. Amma ranar da Ulfric ya aika masa da gatari, alamar ko ka bi ni ko mu gwabza, Balgruuf mayar masa da abinsa yake yi, ya buɗe ƙofa ga sojan Daula. Biyar da huɗu kenan, kuma hatsi da hanya suna cikin biyar ɗin.

Akwai ƙari. Tullius ba da cikakken ƙarfin Daula yake yaƙi ba. Galibin rundunoni suna jibge a iyakar kudu suna gadin Thalmor, shi kuwa yana cike gurbi da ƴan ƙasa. Wata wasiƙa da ake tsinta a sansanin Neugrad tana nuna cewa ƴan tawaye sun sami labarin sabuwar runduna tana taruwa a bayan tsaunuka, ba abin da ya tsare ta sai ƙanƙarar da ta toshe mashigi. Ulfric ya riga ya zuba duk abin da yake da shi a faranti. Abokin gabarsa bai ma buɗe babbar tukunya ba. Misalin Hammerfell ɗin ma, in an duba da kyau, ba su kaɗai ba ne ƙwarai: janar ɗin Daula da aka kira gida ya bar musu ƙwararrun sojoji da sunan marasa lafiya, kuma Thalmor a lokacin sun riga sun jigata. A fagen daga dai, hukuncin bai da wuya. In aka bar su su biyu, Daula ce ke da rinjaye.

Sai dai masu tsara labarin sun ɓoye wata takarda da ke ɓata wa kowane ɓangare murna. A ofishin jakadancin Thalmor, mai wasa yana iya sace wani kundin sirri a kan Ulfric. Kundin ya nuna cewa sun taɓa kama shi a lokacin babban yaƙi, suka yi masa tambayoyi, suka bar shi ya tsere domin suna ganin zai yi musu amfani. Bai ce Ulfric ɗan aikensu ne da saninsa ba. Hasali ma ya ce ya daina ba su haɗin kai. Abin da ya faɗa ya fi haka muni. Thalmor ba su son Daula ta yi nasara, ba su kuma son Ulfric ya yi nasara. So suke yaƙin ya yi ta ja, shekara bayan shekara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Idan aka koma baya, sai a ga zaren. Bayan sulhun 175 dokar hana bautar Talos ta fi yawa a takarda; wani maƙeri a ƙauyen Riverwood yana ba da labarin cewa kowa na da ɗan wurin ibadarsa a gida, ba mai tambaya. A 176 ne Ulfric ya ƙwato Markarth daga hannun ƴan asalin yankin bisa sharaɗin a bar bautar a fili. Thalmor suka sami abin da suke nema, suka matsa wa Daula ta kama shi, suka kuma sami damar baza jami'ansu cikin ƙasa suna kama mutane. Kowane kamu yana ƙara wa Ulfric mayaƙa, kowane mayaƙi yana ƙara janye sojan Daula daga iyakar kudu. Jakadiyarsu Elenwen tana nan a Helgen ranar da za a sare kansa, kuma kundin ya nuna mutuwarsa a ranar ba ta cikin abin da suke so.

Shi ya sa tambayar wa zai ci ba ta cika ba sai an haɗa ta da yaushe. Daular da ta murƙushe tawaye cikin wata shida tana da sauran ƙarfin fuskantar yaƙi na biyu da kowa ke jira. Shi kansa Tullius yana nuna cewa sulhun da Thalmor hutu ne kawai. Daular da ta ɗauki shekara goma kuwa za ta gaji gonaki ƙonannu da samarin Nord a kabari, su ne kuma suka taimaka wajen ƙwato mata babban birninta a 175. Haka Ulfric: in bai kama Whiterun da wuri ba, kafin ƙanƙarar mashigi ta narke, lissafinsa ya watse.

Bethesda ba ta raba gardamar ba. Ta sanar da kashi na gaba na jerin wasannin a watan Yunin 2018, har ƙarshen 2024 kuma bai fito ba. Cikin Skyrim kansa akwai zaman sulhu guda a wani gidan ibada bisa tsauni, inda ɓangarorin ke musayar birane kamar masu cinikin shanu, a ba da Markarth a karɓi Riften ko Dawnstar. Elenwen ma takan zo ta nemi kujera a teburin, kuma abu na farko da ake jayayya a kansa shi ne ko a bar ta ta zauna.