A Kafa Doka A Zaurukan WhatsApp Na 'Yan Kasuwa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana ƙananan 'yan kasuwa da mutanen karkara game da zaurukan WhatsApp da muke buɗewa barkatai.

Babu mai musun amfaninsu. Kana zaune a ƙauye sai ka ji yadda buhun masara ya kwana a Dawanau. Amma abin takaici, za a tara mutum ɗari biyu ko uku a zaure guda ba tare da an faɗa musu abin da aka yarda da wanda aka hana ba. Kasuwar ƙauye ma tana da sarkinta, ballantana taron da ba ka ganin fuskar mai magana.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar bashi. Mutum yana bin ɗan'uwansa kuɗin buhu biyu, maimakon ya je shagonsa, sai ya ɗauki murya cikin fushi ya saki a zaure yana kiransa macuci. Kafin la'asar muryar ta kai wajen surukansa da dillalan da ke ba shi kaya. To wa zai ƙara ba shi kaya bashi? Ko da an biya kuɗin washegari, muryar tana nan cikin wayoyin jama'a. Jarin ƙaramin ɗan kasuwa kuwa, kowa ya sani, rabinsa yarda ce. Kuma a tuna, ɓata suna laifi ne a dokar ƙasa, ana kai mutum gaban alƙali a kansa.

Saboda haka ina kira ga shugabannin zauruka, wato admin, su rubuta doka gajeriya, su kuma karanta ta da murya saboda waɗanda ba su yi boko ba. Ban da zagi, ban da siyasa, ban da tallata bashin wani. Labarin da ba a san tushensa ba a bar shi. Ba mu manta da 2014 ba, lokacin cutar Ebola, da saƙon waya ya sa jama'a shan ruwan gishiri har aka yi asarar rai.

Idan rigima ta tashi, kayan aiki na hannunsu. Tun 2018 admin na iya rufe zaure ya zama shi kaɗai ke magana, tun 2022 kuma yana iya goge saƙon kowa. A rufe na dare ɗaya zukata su huce. Sannan a kira mutanen biyu a gefe, a ji ta bakin kowanne, in abin ya gagara a miƙa su ga shugabannin kasuwa ko mai unguwa. Korar mutum a bainar jama'a ita ce ta ƙarshe, domin wanda aka kora yau, gobe da shi za a haɗu a masallaci.

Kada kuma admin ya zama mutum ɗaya. A sa uku, har da dattijo, kuma ranar da ƙanen admin ya karya doka a yi masa abin da aka yi wa bare.