Wa Ya Biya Kuɗin Dariyar? Labarin Masu Zanen Zambo na Ingila

Jama'a, duk lokacin da aka taso da zancen 'yancin faɗin albarkacin baki, sai ka ji wani ya ce a dubi Ingila, tun shekaru ɗari biyu da suka wuce ake zana sarkinsu da ƙaton tumbi kuma ba a taɓa mai zanen. Gaskiya ne an zana. Amma wannan rabin labarin ne, ni kuwa ɗaya rabin ya fi tsaya mini a rai.

Mu fara da wanda ya fi kowa iya abin, James Gillray, wanda ya rayu daga 1756 zuwa 1815. Yana zanensa a kan farantin tagulla, a buga a takarda, a shafa launi da hannu. Wata mata mai suna Hannah Humphrey ce ke sayarwa a shagonta na titin St James a Landan. Masu hali su shiga su saya, talaka kuwa ya tsaya a bakin taga ya sha kallo kyauta.

A 1792 ya zana yarima mai jiran gado, wanda daga baya ya zama Sarki George na Huɗu. Ga shi ya baje a kujera ya ci ya yi nak, tumbi na neman fasa riga, yana sakace da cokali mai yatsu. Kwalaben giya a ƙarƙashin tebur, takardun bashi a bayansa an danne su da fo. Kuma ba sharri ya yi masa ba, domin zuwa 1795 bashin yariman ya kai wajen fam 630,000. Uban ma bai tsira ba: an zana George na Uku yana cin dafaffen ƙwai don tsabar maƙo. Wallahi ko yau ka gani sai ka dara.

To amma mu tambayi kanmu, wa wannan dariya ta kayar? Sarki dai ya mutu a kan karagarsa, yarima ya gaje shi. Wanda ta yi wa illa shi ne jagoran 'yan adawa, Charles James Fox.

A 1783 Fox na cikin gwamnatin haɗaka da Lord North, ya kawo ƙudurin da zai karɓe ragamar Kamfanin Gabashin Indiya ya miƙa wa wani kwamiti. Sai wani mai zane, James Sayers, ya zana shi da rawani kamar sarkin gabas, a kan giwa mai fuskar North, yana shiga hedkwatar kamfanin da gadara. Saƙon ya isa ba sai an karanta ƙuduri ba: mutumin nan so yake ya haɗiye Indiya shi da mutanensa. A watan Disamba sarki ya kori gwamnatin ya naɗa William Pitt, ɗan shekara 24. A zaɓen 1784 magoya bayan Fox sama da ɗari suka rasa kujerunsu. Ba zane kaɗai ya jawo haka ba, akwai hannun fada dumu-dumu a ciki, amma an ruwaito Fox da kansa yana cewa zanen Sayers ya fi muhawarar majalisa yi masa ɓarna. Me Sayers ya samu? Pitt ya ba shi muƙami a wata kotu, irin muƙamin nan na albashi ba aikin kirki.

Shi Gillray da farko ba ya da gwani, kowa ya samu yanka yake yi. Sai wani matashin ɗan majalisa na ɓangaren Pitt, George Canning, ya fara zawarcinsa. Abin dariya, Canning ya ƙagu a zana shi ko da zagi ne, don a lokacin in Gillray bai zana ka ba, to ba ka isa ba tukuna. Zuwa ƙarshen 1797 magana ta faɗa: gwamnati na ba Gillray fam 200 a shekara a asirce. Lokacin ana yaƙi da Faransa, don haka abin da ake buƙata shi ne a nuna 'yan adawa 'yan koren Faransa ne. Ya kuwa yi aikin. Fox ya riƙa fitowa da ƙasumba buya-buya, da jar hular 'yan juyin juya hali, kamar wanda ke jiran ya buɗe wa abokan gaba ƙofa. Mutumin da ya yi ta neman a yi sulhu, a daina tauye 'yancin taro, kuma a hana cinikin bayi, haka aka bar shi a idon jama'a.

A nan Kano da maƙwabta muna da sunan masu irin wannan aiki a rediyo, sojojin baka. Bambancin kawai shi Gillray da allurar zane yake nasa.

Na san wani zai ce ai kuɗin bai rufe masa baki gaba ɗaya ba. Na yarda. Zanensa da ya fi shahara, na 1805, ya nuna Pitt siriri kamar sillen kara, shi da Napoleon sun sa duniya a faranti suna yanka, Pitt ya ɗebi teku, Napoleon ya yanki Turai. Shi ne kuma ya yayata Napoleon a matsayin ɗan wada mai zafin kai, alhali tsayin mutumin daidai yake da na mazan zamaninsa. Gwani ne, ba musu. Sai dai gwanintar ce ta sa sayen nasa ya yi riba. Da yabon gwamnati zalla yake yi, ba wanda zai tsaya a tagar nan. Don yakan ɗan mintsini Pitt lokaci-lokaci ne mutane suka gaskata shi ranar da ya yi wa Fox yankan rago. Mai kallo yana ganin mutum ne mai zaman kansa, bai san da fam 200 ba.

Shi ya sa ban yarda da masu kiransa gwarzon 'yanci ba. An bar shi ya sake ne saboda masu mulki sun lura kai mai zane kotu tonon silili ne, sai an ɗaga hoton a gaban alƙali an bayyana wa kowa abin da ke ciki. Saye ya fi sauƙi, kuma ba ya ƙara.

George na Huɗu da kansa ya bi wannan hanya. A 1820 ya hau mulki yana neman rabuwa da matarsa Caroline, Landan ta cika da zanen tonon asirinsa da matan banza. Sai aka nemi George Cruikshank, wanda ya gaji Gillray a sana'ar, aka ba shi fam 100 bisa alkawarin ba zai ƙara zana mai martaba a halin baɗala ba. Ya karɓa, ya sa hannu a rasit. Alkawarin bai haɗa da siyasa ba, don haka ya ci gaba da zana sarkin ta wasu fuskokin, kuma a wannan rikici na Caroline ya yi wa magoya bayanta zane, ya yi wa magoya bayan sarki.