Zaman Tare Ma Yana da Farashi

Masu kiran haɗin kai na son kafa hujja da dabbobi, wai ko namun daji sun san taro ya fi kaɗaici. Maganar da daɗin ji, amma marmot, wata dabba dangin kurege mai haƙa rami a tsaunuka masu sanyi, ba ta gaskata ta gaba ɗaya ba. Tun 1962 ake bin diddigin marmot mai rawayan ciki a Gothic, jihar Kolorado ta Amurka. Kenneth Armitage ya fara aikin, Daniel Blumstein ya ɗora. A can mata ke zama tare, uwa da 'ya'yanta ko 'yan uwan juna. Binciken da Armitage ya fitar a 2000 ya nuna haihuwa na ƙaruwa idan matan gida suka ƙaru, amma zuwa wani mizani kawai. Da sun yi yawa sai ta koma baya. Manya sukan danne ƙanana, har matashiya ta jinkirta haihuwa, alhali jininsu ɗaya. Zo mu zauna, zo mu saɓa ke nan. A 2018 kuma Blumstein da abokan aikinsa suka gano cewa waɗanda suka fi cuɗanya sun fi gajeren kwana.

Wani zai ce to ai ga marmot na tsaunukan Alps a Turai, wanda taro ke ceton ransa. Haka ne. Walter Arnold ya nuna a Berchtesgaden ta Jamus cewa iyali kan kwanta rami ɗaya tsawon watannin hunturu, ɗumin manya na raya ƙanana. Sai dai a wannan gidan mace ɗaya ce, shugabar, ke haihuwa. Sauran sun ba da ɗumi da ƙibar jikinsu, zuriya ta tafi ga wata. Gida ya ci riba, amma ba kowa ya samu kaso ba, kuma wannan ne masu yabon taro ke tsallakewa.

Za a kuma ce dabba ba mutum ba ce. Na yarda, kuma shi ya sa nauyin ya fi yawa a kanmu. Marmot ba ta da majalisar da za ta tambayi matashiyar da aka danne ko ta amince; sanyi da maƙiya ne suka tsara mata zaman. Mu muna da bakin tambaya da ikon sake rabo, don haka shugaban da ya ce a yi haƙuri saboda zaman tare, sai ya faɗi wa ke ba da ɗumin, wa kuma ke kwashe amfanin.