Jinkirin Jirgin Sama: Haƙƙin Fasinjan da Ya Taso Daga Jos

Duk Bahaushen da ke zaune a Agege ko Idi-Araba ya san irin baƙon nan: ɗan'uwa ne ya taso daga Jos Jarawa zai wuce London ko Jidda, ya iso Ikko ya tarar jirgi ya tashi, ko kuwa an ɗaga tafiya sai gobe. Kwana ɗaya sai ya zama uku, guzuri ya ƙare tun ba a bar gida Nijeriya ba.

Tushen matsalar shi ne filin jirgin sama na Yakubu Gowon da ke Heipang zirga-zirgar cikin gida ce aikinsa. Saboda haka mai fita waje tilas ya fara biyawa ta Ikko, Abuja ko Kano. Tsakanin Disamba da Fabrairu kuwa hazo kan hana jirage sauka da tashi a Arewa. To, idan mutum ya yanki tikiti biyu dabam-dabam, jinkirin na farko bai shafi kamfani na biyu ba. A wurinsu fasinja ne kawai bai zo ba. Hasarar tana wuyan matafiyi.

Amma fa idan jirgin ƙasashen wajen ne da kansa ya makara, doka tana bayan fasinja. Bisa ga Kashi na 19 na ƙa'idojin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, watau NCAA, jinkiri ya wuce awa 2 sai kamfani ya ba da abin taɓa baki da damar buga waya. Ya wuce awa 4, abinci. Ya kai awa 6, masauki da motar kai da komowa.

Bugu da ƙari, Nijeriya na cikin Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, wadda ta ɗora wa kamfani biyan hasarar da jinkiri ya jawo, sai fa in ya nuna ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ana da shekara 2 a kai ƙara kotu. Kayan da suka makara kuwa, a rubuta kuka cikin kwana 21 da karɓarsu.

Hanyar London tana da nata tsari. Dokar Ingila ta tanadi diyyar da ta kai fam 520 idan doguwar tafiya ta makara da fiye da awa 4 kuma laifin kamfani ne. Ta hau kan kowane jirgi da ya taso daga can, amma daga Ikko zuwa can ba ta hau kan kamfanin Nijeriya ba. Mummunan yanayi kuma yana kawar da diyyar kuɗi.

Abin da ya fi cutar mutanen Arewa a nan shi ne kawaici. Sai a ce "haka Allah ya so" a shimfiɗa ɗankwali a kwana a ƙasa, alhali kamfani ya san abin da ke kansa. Tawakkali bai hana neman haƙƙi ba. Matafiyi ya iso kwana ɗaya kafin ranar tashi, ya adana tikiti da rasit, ya nemi a rubuta masa dalilin jinkiri, sa'an nan ya kai kukansa teburin NCAA da ke filin jirgi kafin ya fita.